Waya ta gaji tallar dillaliya, amma wa ya gaji amanarta?

Duk wanda ya saba leƙa sitatus ɗin 'yan uwa da maƙwabta a WhatsApp cikin birnin Katsina, ya san wani sabon nau'in hoto da ya kutso tsakanin hotunan biki da na suna da sanarwar rasuwa. Firji ne an jingine shi da bango, ko saitin kujeru, ko kulolin abinci da ba a taɓa buɗewa ba tun ranar jere. A ƙasa kuma sai ɗan gajeren bayani: na sayarwa ne, mai so ya yi magana. Daga Ƙofar Guga zuwa Masanawa, daga Rafindadi zuwa Ƙofar Ƙaura, kayan da a da suke fita daga gida a lulluɓe cikin ƙullin dillaliya, yau suna fita a fuskar waya, kowa yana gani.

Ban ga abin kunya a wannan ciniki ba, hasali ma hankali ne mutum ya mayar da kayan da ya daina amfana da su kuɗin da zai biya wata buƙata. Sai dai akwai abin da ya kamata mu tsaya mu duba. Dillaliya ayyuka da yawa take yi a lokaci guda, waya kuwa ɗaya kawai ta karɓa daga hannunta, wato neman mai saye. Sauran ayyukan an bar su ba mai yi, kuma daga wannan giɓi ne yawancin asara da ɓacin ran da ake samu a cinikin intanet suke ɓullowa.

Abin da ya fito da kayan waje

Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a gane dalilin yawaitar wannan ciniki. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin man fetur. Litar da ake sayarwa ƙasa da Naira 200 a farashin gwamnati ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce Naira 1,000 a wurare da dama. A watan Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa, Dalar da take kusan Naira 460 a hukumance ta wuce Naira 1,500 a 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin 100 a Disambar 2024. Gaskiya ne an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a Yulin 2024, amma duk magidanci ya san buhun shinkafa da kuɗin makaranta sun riga albashin yin gaba.

Akwai kuma dalili na biyu. Ƙarancin takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin sauya fasalin Naira, ya tilasta wa mutanen da ba su taɓa yarda da tura kuɗi ta waya ba su koya. Mai shayi da mai nama da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli duk suka buɗe asusu, manhajoji irin su OPay da PalmPay da Moniepoint suka shiga aljihun talaka. Da matsin rayuwa ya haɗu da sauƙin karɓar kuɗi, sai ɗakin ajiya ya zama kanti.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Kuskure ne a ɗauka cewa ciniki daga cikin gida baƙon abu ne da intanet ta kawo. Ƙofar Guga ɗaya ce daga tsofaffin ƙofofin ganuwar Katsina, kuma ta wajenta hanya take miƙewa zuwa Jibiya da Maraɗi. Unguwa ce ta mutanen da suka tashi suka ga saye da sayarwa a zaure da tsakar gida. A garin Batagarawa, wanda yake dab da birnin, wata Baturiyar Ingila masaniyar tattalin arziki da halayyar jama'a, Polly Hill, ta zauna ta yi bincike a 1967. Ta wallafa maƙala a 1969 kan abin da ta kira ɓoyayyen ciniki na ƙasar Hausa, sannan ta fitar da littafinta Rural Hausa a 1972. Abin da ta lura da shi shi ne, matan aure da ba sa fita kasuwa suna gudanar da ciniki mai yawa daga ɗakunansu, yara suna kai da kawowa, har ta kwatanta tsarin da saƙar zuma: kowane gida ɗan rami ne, amma duk a haɗe suke.

A cikin wannan saƙa, dillaliya ce take ɗaukar kaya masu daraja: zannuwa, kwanukan jere, tasoshi, 'yan kunne da sarƙa. Mu tuna cewa kayan ɗakin mace a ƙasar Hausa ado ne a ido, amma a zahiri taska ce. Uwa takan shekara da shekaru tana tara wa 'yarta kwano da langa da samira, domin ta san ranar da ciwo ko haihuwa ko rabuwar aure za su zo, waɗannan ne za su tsaya mata. Idan ranar ta zo, dillaliya ake kira.

Ayyukanta huɗu ne. Takan nemo mai saye, domin ta san ɗakin da ake shirin aurar da 'ya. Takan yanke farashi, domin hannunta ya saba da kaya, ta san na jiya da na yau. Takan tsaya a matsayin shaida da lamuni, idan kaya suka fito da aibi ko aka ce na sata ne, an san gidanta, an san mijinta da 'ya'yanta. Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, takan rufa asiri. Mai saye ba ta sanin daga wane ɗaki zane ya fito, mai sayarwa kuma ba ta jin kunyar haɗuwa da zanenta a jikin wata a gidan biki. La'adar da take karɓa kuɗin waɗannan ayyuka ne gaba ɗaya.

Ba ina wanke dillalai ba ne. An san masu karɓar la'ada ta fuska biyu, su danne farashi wajen mai kaya su ɗaga wajen mai saye, da masu riƙe kuɗin mutane wata da watanni. Irinsu ake nufi da aka ce rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Wannan hali yana cikin abin da ya sa mutane suka yi maraba da waya.

Abin da waya ta iya

A fagen neman mai saye, babu dillaliyar da za ta kamo ƙafar waya. Dillaliya gidaje nawa za ta shiga daga hantsi zuwa la'asar? Hoto guda kuwa, cikin sa'a ɗaya ya zaga Katsina ya leƙa Daura da Funtuwa. Kamfanin Jiji, wanda aka kafa a Legas a 2014, ya sayi harkokin abokin gogayyarsa OLX a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka a 2019. Facebook ya buɗe sashensa na kasuwa a 2016. Amma a unguwanninmu, inda cinikin ya fi tafiya shi ne zaurukan WhatsApp na mata, na 'yan unguwa, na tsofaffin ɗalibai da na ma'aikatan ofis guda.

Katsina kuma tana da masu sayen da ba sa yankewa. Kowace shekara ɗalibai suna shigowa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Wanda ya kama ɗaki a gari yana neman katifa da fanka da ƙaramar tukunyar gas, wanda ya gama kuma yana neman inda zai sauke nasa. Haka masu yi wa ƙasa hidima da ma'aikatan da aka yi wa canjin wurin aiki. A da, irin waɗannan kaya ko dai a bar su su lalace, ko a miƙa wa 'yan gwangwan su auna a sikeli a kuɗin ƙarfe. Yanzu fankar da take da sauran rai tana samun wanda zai saye ta a matsayin fanka. Wannan riba ce ga mai sayarwa da mai saye, har da garin da bolarsa ta ragu.

Asirin da ya tonu

Matsala ta farko ita ce sutura. Wanda ya ɗora hoton gadonsa a sitatus, ya sanar da surukansa da abokan aikinsa da masu binsa bashi a lokaci guda. Hoton ma kansa yakan faɗi abin da mai shi bai yi niyya ba: ga labule, ga talabijin a bango, ga ƙofar ɗaki da irin makullinta. A jihar da ta sha fama da matsalar tsaro har aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumominta a 2021, bai kamata a yi wasa da bai wa baƙo kwatancen gida da lambar matar gida ba. Sau da yawa mai cewa zai zo ya ga kaya da gaske mai saye ne. Amma sau ɗaya ya isa.

Cinikin biri a sama

Matsala ta biyu ita ce amana. A 1970 wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya wallafa maƙala kan kasuwar tsofaffin motoci, wadda tana cikin ayyukan da suka sa aka ba shi lambar Nobel a 2001. Bayaninsa mai sauƙi ne. Mai sayar da tsohon abu ya san aibinsa, mai saye bai sani ba. Tunda mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mai matsala, sai ya taya duka da arha don kare kansa. Mai kaya masu kyau ya ga tayin bai yi masa ba, ya janye. A ƙarshe kasuwa ta cika da tarkace. Bahaushe ya riga ya taƙaita wannan da ya ce ba a cinikin biri a sama, kuma dillaliya ita ce maganin da al'umma ta samar, domin ita take sauko da birin a gani.

A waya kuwa hoto ne kawai, hoto kuma ba ya nuna firjin da yake sanyi awa biyu ya tsaya, ko katifar da ta lotsa a tsakiya. Cuta tana zuwa ta kowane ɓangare. Akwai mai tallata kayan da ba shi da su, ya karɓi kafin alƙalami ya rufe layi. Akwai mai saye da zai nuna hoton rasit ko ya sa a turo saƙon alat na bogi, ya ɗora kaya a Keke Napep ya tafi, sai daga baya mai kaya ya duba asusunsa ya tarar babu ko sisi. Akwai kuma kayan sata, musamman waya da janareta da tukunyar gas. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa ta ɗauki karɓar kayan da mutum ya sani, ko yake da dalilin zaton na sata ne, a matsayin laifi mai zaman kansa. Wanda ya sayi wayar dubu ɗari biyu a dubu hamsin, ba kwali ba rasit, zai sha wahalar gamsar da alƙali cewa shi ba ɓarawon zaune ba ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. A fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan malaman Katsina, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, mai saye kuma yana da zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa. Sananne ne kuma labarin da ya zo a Sahihu Muslim na mai sayar da hatsin da ya bar jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshen a sama, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu ya gano, ya kuma yi masa kakkausan gargaɗi a kan algus. Ɗaukar hoton kujera ta gefen da bai yage ba, shi ne jiƙaƙƙen hatsin zamaninmu.

Faɗin aibi ma ba ya kashe ciniki. Kamfanin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a Amurka a 1995, yana ba da labarin cewa cikin abubuwan farko da aka sayar a shafin akwai wata lalatacciyar 'yar fitilar nuni, a kan Dala 14.83. Omidyar ya tuntuɓi mai sayen ya tabbatar masa ba ta aiki, shi kuwa ya ce ya sani, haka yake so. Kowane kaya da mai sonsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, rigima tana tasowa ne idan an sayar masa da ita da sunan ƙwarya.

Ribar da ba riba ba

Matsala ta uku ita ce farashi, kuma nan ne hauhawar farashi take yaudarar mutane. Mu ƙaddara wata baiwar Allah ta sayi firiza a Naira 120,000 shekaru biyar da suka wuce. Yau an taya Naira 180,000, ta yi murna ta ce ta mori abinta kuma ta ci ribar dubu sittin. Ba ta je kanti ta tambayi kuɗin sabuwa ba, wadda mai yiwuwa ta ninka abin da aka ba ta sau biyu ko fiye. Firizar ba ta ƙara daraja ba, Naira ce ta rage. Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne kuɗin da za a kashe a maye gurbin abin a yau, ba kuɗin da aka saye shi jiya ba.

Daga nan sai babbar tambaya: me ya kamata a sayar? Kayan gida iri uku ne. Akwai rarar da ba a amfani da ita, kamar kuloli goma sha biyu a gidan da ake amfani da uku, keken da yaro ya girme shi, da tsohuwar talabijin da take shan ƙura a saman kabad. Waɗannan a sayar ba tare da waiwaye ba. Akwai kayan buƙatar yau da kullum da dole a sake saye, kamar katifa da tukunyar gas, waɗanda sayar da su tamkar cin bashi ne mai tsada. Sannan akwai jari: keken ɗinki, injin markaɗe, firizar da ake yin ƙanƙara da zoɓo, kwamfutar ɗalibi. Mai sayar da waɗannan don cefanen mako guda ya yi daidai da manomin da ya daka irinsa ana gab da saukar damina. Lalura takan tilasta, musamman ta asibiti, kuma babu mai zargin wanda ya ceci rai da dukiyarsa. Amma ko a lokacin, a fara da na farko kafin a taɓa na uku.

Ya kamata kuma mu daina kiran wannan kuɗi ƙarin kuɗin shiga. Abin da kake da shi ne ka canja masa kama. Guga yana ɗebo ruwa, ba ya ƙara wa rijiya ko ɗigo. Idan kuɗin kuloli suka zama jarin ƙosai ko kuɗin jarrabawar yaro, an yi dabara. Idan suka tafi a ankon biki, an rage kaya kawai.

Kayan wa ake sayarwa?

Akwai wani ɓangare da ba a cika son taɓawa ba. Kayan ɗaki mallakar mace ne, ko iyayenta suka yi mata ko ita ta saya. Miji ba shi da ikon ɗaukar hotonsu ya sa a kasuwa don an matsa masa da bashi, sai da yardarta ta haƙiƙa, ba yardar da aka samo da fushi da gori ba. Haka kayan mamaci, ba a taɓa su kafin a raba gado, balle idan akwai marayu. A da dillaliya takan tambaya, domin ta san gidan, ta san wanda ya mutu da wanda ya bari. Waya ba ta tambaya. Ya rage ga mai saye ya tambaya, musamman idan ya ga matashi yana tallata zinare ko keken ɗinki.

Yadda za a cike giɓin

Ba komawa baya ake nema ba. Abin da ake buƙata shi ne a mayar wa sabuwar kasuwa da ayyukan da tsohuwar take yi.

Mai sayarwa ya ɗauki hoton kaya a jikin bangon da ba ya nuna komai na gidan, ya rubuta shekarun abin da aibinsa, ya binciki farashin sabo kafin ya yanke nasa. Ƙananan kaya a haɗu a bainar jama'a da rana, a bakin titi ko ƙofar shagon wanda aka sani. Manyan kaya a fito da su zaure, kuma a samu namiji babba a wurin. Kada kaya su bar hannu sai mai su ya buɗe manhajar bankinsa da kansa ya ga kuɗin sun zauna, domin saƙon tes da hoton rasit ba hujja ba ne. Wayar da za a sayar a kwashe hotuna da lambobi da bayanan banki, a goge ta tas, a cire layi da katin ajiya.

Mai saye kada ya tura ko kwabo kafin ya gani ya gwada. Kayan lantarki a jona su a gabansa, in da hali ya tafi da mai gyara. Ya nemi rasit ko kwali, in babu, a rubuta 'yar takarda mai ɗauke da sunaye da lambar kayan da sa hannun shaidu biyu. Araha ba ta ado, arhar da ta wuce hankali kuwa gargaɗi ce.

Masu kula da zaurukan WhatsApp su gane cewa sun zama sarakunan kasuwa, ko sun so ko ba su so ba. Kada a shigar da kowa sai wani ɗan zauren ya tsaya masa, wanda aka kama da algus kuma a fitar da shi a sanar. Masu unguwanni da limamai suna da rawar takawa wajen shaida da sulhu, kamar yadda suke yi a cinikin fili da gida.

A nan kuma akwai sana'a ga matasanmu, musamman 'yan mata masu ilimi da suke zaune a gida. Tuni wasu suka fara karɓar kaya daga hannun mata, su duba, su ɗauki hoto, su tallata da sunansu, su karɓi la'adar da aka yi yarjejeniya a kanta tun farko. Mai kaya ta samu rufin asiri, mai saye ya samu wadda zai riƙe idan an samu matsala. Wannan ita ce dillaliyar zamani, kuma jarinta bai wuce waya da gaskiya ba. Wadda ta riƙe amana shekara guda a unguwa irin Ƙofar Guga, inda kowa ya san gidan su kowa, ba za ta ƙara neman masu kawo mata kaya ba, su za su neme ta.

Matsin tattalin arziki zai iya sassautawa, muna kuma roƙon Allah Ya kawo sauƙi. Amma cinikin waya ya riga ya zauna, 'ya'yanmu a cikinsa za su tashi. Katsina ta yi suna a fatauci tun zamanin da ayarin raƙuma suke sauka a bakin ganuwarta, kuma abin da ya riƙe wancan ciniki na nesa shi ne mutum ya faɗi magana a same ta haka. Idan muka shigo da wannan hali cikin zaurukanmu na waya, kayan da suka fita daga wani ɗaki za su shiga wani da albarka. Allah Ya rufa mana asiri, Ya sa mu ci halaliyarmu.